Ƙaramin Babur Mai Bin Kwalta Da Daji: Ina Ƙarfinsa Yake, Kuma Wane Gyara Ne Ke Ƙara Masa?

Duk wanda ya sayi ƙaramin babur irin mai dogayen ƙafafun nan, wanda aka ƙera domin ya bi kwalta da safe ya kuma faɗa burji ko burtali da yamma, da wuya ya yi wata guda bai fara tunanin taɓa shi ba. Ƙorafin masu shi kusan iri ɗaya ne a ko'ina: yana jin jiki a hawan tudu, yana kuka idan aka hau babban titi, kuma bayansa yana tutsu a gargada. Abin da aka fi gaggawar yi shi ne a cire salansar kamfani a ɗaura mai ƙara, saboda kunne yana saurin gaya wa mutum cewa ƙarfi ya ƙaru. Ni a ganina nan ne wurin da ake kashe kuɗi mafi yawa a sami amfani mafi ƙaranci, kuma lissafin injin kansa ya isa ya nuna haka.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, zan ɗauki babur guda ɗaya da aka fi yi wa irin wannan gyara a duniya, wato Honda CRF250L da magajinsa CRF300L. Wannan jinsi na babura ya daɗe, domin Yamaha ta fitar da DT-1 tun 1968, Honda kuma ta biyo da XL250 a 1972. Shi CRF250L ya fito ne a 2012, ana haɗa shi a Tailan, kuma injinsa aro ne daga CBR250R, babur ɗin kwalta zalla. Silinda ɗaya gare shi mai faɗin milimita 76, fistan yana tafiyar milimita 55, bawul huɗu, giya shida, ruwa ke sanyaya shi ta lagireto da fanka, kuma ba shi da kafireta, injekta ce ke fesa masa mai. Ƙarfinsa a farko doki 23 ne a juyi 8,500 cikin minti ɗaya, nauyinsa da cikakken tanki kilo 144. A 2017 aka ɗan faɗaɗa maƙogwaron shigar iska ƙarfin ya haura doki 24. Wanda ya saba da Boxer mai doki takwas ko makamancin haka zai ga wannan ƙarfi ne mai yawa, amma wanda ya taɓa hawa babur ɗin tsere zai ce rago ne.

Wannan ragwantaka da gangan aka yi ta. Honda tana da CRF250R na filin tsere, girman injinsu ɗaya, amma ƙarfinsa ya kusa ninka na CRF250L, kuma ya fi shi sauƙi da kusan kilo 40. Farashin wannan ƙarfi shi ne, da awoyi ake ƙirga lokacin juye masa baƙin mai da duba fistan, alhali littafin CRF250L ya ba da tazarar wajen kilomita 12,000 tsakanin juyen mai da juyen mai. Ko CRF450L, wanda aka yi masa fitila da lamba domin ya hau titi, kowane kilomita 1,000 yake neman sabon mai. Saboda haka mai ƙaramin babur da ke son ya matse ƙarfi daga injinsa ya sani cewa daga tsawon ran injin yake yankowa, domin taskar ɗaya ce.

Kafin a taɓa komai, ya kamata a fahimci dalilin da ya sa ƙarin doki ɗaya ko biyu ba ya sauya gudun ƙarshe yadda ake zato. Babban abokin gabar babur a kan titi iska ce, musamman irin wannan mai tsayi, wanda mahayinsa ke zaune a miƙe ƙirjinsa yana tare ta kamar faifai. Idan gudu ya ninka, turjiyar iska tana ninkawa sau huɗu, ƙarfin da ake buƙata domin a keta ta kuma yana ninkawa sau takwas. A ɗauka babur mai doki 24 yana tsayawa a kilomita 125 cikin awa. Idan aka sha wahala aka ƙara masa doki biyu, wato kashi takwas cikin ɗari, gudunsa zai ƙaru ne da ƙasa da kashi uku cikin ɗari, kilomita uku ko huɗu ke nan, abin da iskar gaba kaɗan ko babbar riga mai kaɗawa za ta cinye. Ga kuma lissafin nauyi: babur mai kilo 144 da mahayi mai kilo 75 sun tashi kilo 219, kowane doki yana jan sama da kilo tara. Ma'ana, wanda ya sauke kilo goma na tarkacen da ba ya buƙata ya sami abin da ya yi daidai da ƙarin doki ɗaya wajen tashi da hawan tudu, bai kwance ko noti ɗaya a injin ba.

To, me salansa take yi? Inji famfon iska ne: yana zuƙa, yana ƙonawa, yana fitarwa. Salansar kamfani tana da nauyi saboda an cusa mata ɗakunan kashe ƙara da na'urar tace hayaƙi, domin babur ɗin ya cika dokokin hayaƙi na Turai da Amurka da Japan. Wadda ake saya a kasuwa, irin ta FMF ko Yoshimura, tana rage kilo biyu ko uku, kuma da yake nauyin a sama yake, can baya, ana jin sauƙinsa a hannu. Wannan amfani ne na gaskiya. Matsalar tana wajen mai. Fetur yana ƙonewa tsaf idan aka haɗa kashi ɗaya nasa da kashi 14.7 na iska a ma'aunin nauyi, kuma kusa da nan kamfani ke saita injin domin hayaƙi ya yi tsabta, alhali mafi girman ƙarfi yana samuwa ne idan man ya ɗan fi haka, wajen ɗaya bisa 13. Idan aka buɗe hanyar fita, aka kuma fafe akwatin iska, iska ta ƙaru amma ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutar da ke auna man da injekta za ta fesa, tana nan kan tsohon lissafinta a yawancin wuraren da ake murɗa totur sosai. Sai haɗin ya tsinke, zafi ya ƙaru a kan bawul da fistan, babur ya riƙa harbi idan an saki totur. Shi ya sa masu yin abin da kyau suke haɗa uku a lokaci ɗaya: salansa, hanyar iska, da na'urar ƙara mai ko sake rubuta lissafin ƙwaƙwalwar. Bayan duk wannan kashe kuɗi, abin da ake samu bai cika wuce doki biyu ko uku ba, man da ake sha ya ƙaru, garantin kamfani kuma ya shiga haɗari. A Amurka cire na'urar tace hayaƙi daga abin hawan titi saɓa doka ne, kuma ba a shiga dazuzzukan gwamnati sai salansa tana da ragar tare tartsatsi. Wannan sharaɗi na biyu ina ganin hikimarsa ko a inda babu mai tilasta shi, domin duk wanda ya ga yadda busasshiyar ciyawa ke kamawa da rani ya san tartsatsi ɗaya ya isa.

Akwai darasi a yadda Honda da kanta ta ƙara wa injin ƙarfi a 2021 ta fitar da CRF300L, lokacin da dokar hayaƙi ta Euro 5 ta matsa. Ba ta faɗaɗa silinda ba, ta bar shi a milimita 76, sai ta ƙara tafiyar fistan daga 55 zuwa 63, girman injin ya tashi daga siisii (cc, ma'aunin girman cikin silinda) 250 zuwa 286. Ƙarfin doki ya kai 27, amma abin da ya fi ƙaruwa shi ne ƙarfin murɗa, wato wanda ke tura taya tun injin bai yi kuka ba, kuma shi ake nema a yashi da tudu. Ta kuma gajarta giya ta ɗaya zuwa ta biyar domin ja, ta tsawaita ta shida domin titi, ta rage kilo huɗu. Masu tsohon 250 suna bin wata hanyar, su sa silinda mai faɗin milimita 84 wanda ke kai injin siisii 305. Yana aiki, amma aiki ne da ke buƙatar makanike mai ma'auni da haƙuri, sai an sake saita mai, kulochi yana iya fara zamewa, lagireto kuma yana ɗaukar zafin da ba a ƙera shi dominsa ba.

Gyaran da ya fi arha, wanda kuma mahayi zai ji shi tun daga ƙofar gareji, yana wajen sarƙa da faya-fayanta masu haƙora. CRF250L yana zuwa da haƙora 14 a gaba, 40 a baya. Idan aka raba 40 da 14 za a sami 2.86, wato sai faifan gaba ya juya kusan sau uku kafin tayar baya ta juya sau ɗaya. A sauya na gaba zuwa mai haƙora 13, lissafin ya koma 3.08, ƙarfin da ke isa taya ya ƙaru da kusan kashi takwas cikin ɗari a kowace giya. A ƙara da mai haƙora 42 a baya, ya zama 3.23, ƙarin kashi 13. Babu salansar da za ta ba da wannan. Injin bai sami ko doki ɗaya ba, an dai sauya yadda ake kashe ƙarfin da yake da shi, kamar mai keke da ya koma ƙaramar giya a gindin tudu. Amfaninsa a daji a fili yake: giya ta ɗaya tana iya rarrafe tsakanin duwatsu ba tare da an riƙa ƙona kulochi ba, giya ta biyu tana hawa inda da sai an koma ta ɗaya. Wani abin mamaki ma shi ne sau da yawa gudun ƙarshe ba ya raguwa, domin da can injin ba ya iya cika giya ta shida idan iska ta taso, yanzu kuma yana kaiwa juyin da ƙarfinsa yake.

Sai dai shi ma yana karɓar nasa. A doguwar tafiya kan kwalta injin zai riƙa juyi da yawa a gudu ɗaya, karkarwa ta ƙaru a hannu da ƙafa, mai ya ɗan ƙara tafiya. Ƙaramin faifai yana lanƙwasa sarƙa sosai, saboda haka tana saurin ci. Kuma da yake CRF250L daga akwatin giya yake karanta gudu, agogonsa zai fara ƙara gishiri, ya nuna 100 alhali ana kan 90 da 'yan kai, lissafin kilomitar da ake dogara da shi wajen sabis shi ma ya gurɓata. Mutumin da kashi tara cikin goma na tafiyarsa kwalta ce, gara ya bar faya-fayan yadda suka zo.

Inda na fi so a daɗe shi ne shoka, domin nan ne kamfani ya fi tsuke hannu don farashi ya sauko, nan ne kuma mafi yawan masu babur ba sa kallo. Tafiyar shokar tana da tsawo, milimita 250 a gaba da 240 a baya a kan CRF250L, sannan 260 gaba da baya a kan CRF300L. Amma sifirin ɗin laushi gare shi, an auna shi da mahayi marar nauyi, na gaba ba shi da wurin saiti ko kaɗan, na baya kuma matse sifirin kawai ake iya yi. A kalli abin da ke faruwa idan mutum mai kilo 90 ya ɗaura jaka a baya ya zauna. Bayan babur ɗin yana nutsewa har ya cinye kusan rabin tafiyar shoka tun ba a motsa ba, gaba ya ɗaga, tayar gaba ta yi sakayau. Da an shiga gargada, rami na farko shokar ta dunƙule har ƙarshe, a ji dum a ƙugu, sannan ta dawo da sauri ta cilla mahayi sama kamar doki mai tutsu, kafin ta natsu rami na biyu ya iso. Mahayin zai saki totur, ya ce babur ɗin ba ya gudu, alhali injin yana da sauran ƙarfi, ƙafafun ne suka kasa riƙe ƙasa.

Shoka abubuwa biyu ce a haɗe. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, mai da ke ratsa ƙananan ramuka a ciki kuma shi ke hana sifirin ɗin yin tsalle. Ana gane ko sifirin ya dace da mutum da awo mai sauƙi wanda tef da abokin taimako suka isa. A ɗaga babur har tayar baya ta bar ƙasa, a auna daga tsakiyar wili zuwa wata alama a madigadi. A sauke shi, mai shi ya hau da kayan da ya saba ɗauka, ƙafafunsa a kan matakai, wani ya riƙe masa kai, a sake aunawa. Bambancin ya kamata ya zama kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan tafiyar, wato milimita 80 zuwa 90. Idan sai an matse zoben saiti har ƙarshe kafin a kai nan, sifirin ɗin ya yi wa mai shi laushi, kuma matsewa ba ta ƙara masa tauri, tana ɗaga babur ɗin ne kawai. Maganin shi ne sifirin da ya dace da nauyin mutum, gaba da baya tare, sannan idan aljihu ya yarda, shokar baya mai wurin saita dawowa. Kuɗinta yana iya kai na salansa da na'urar mai a haɗe, amma ita ce ke sa a bi hanyar da ake bi a giya ta biyu a giya ta uku, a kuma sauka ba tare da ciwon baya ba. Gajerun mutane da kujera mai tsayin milimita 875 ke ba wahala sukan sa ƙarfen da ke sauke baya. Wanda ya yi haka ya sauke gaba daidai da shi, ya kuma tuna cewa tazarar cikin babur da ƙasa ta ragu.

Taya ita ce ta biyu a wajena, wani lokaci ma ta farko. Wilin gaba inci 21 ne, na baya 18, kuma girman na gaba shi ke sa ya haye rami da dutse maimakon ya faɗa. Tayoyin da kamfani ke sawa na sulhu ne, suna yin shiru a kwalta, suna bin busasshen burji, amma da sun shiga laka sai ramukansu su cike su zama sumul kamar sabulu. Masu manyan ƙuraje irin Dunlop D606 ko Pirelli MT21 suna cizon ƙasa, sai dai suna gurnani a titi, suna saurin cinyewa, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta birki yana ƙara nisa. Kafin ma a sayi sabuwa, akwai iskar da ke ciki. Kamfani ya ce a sa awo 22 a ma'aunin iskar taya na psi. A wannan tauri, idan aka shiga yashin busasshen rafi, tayar gaba tana nutsewa tana yanka hagu da dama, mahayi ya sauke ƙafafu yana tuƙi da su. A rage zuwa 15 ko 16, tayar ta baje, ta hau saman yashin, musamman idan an ja jiki baya an riƙe totur ba a saki ba. Haɗarin shi ne dutse ya matse tif da bakin wili ya huda shi wuri biyu, ko tayar ta zame a kan wili ta tsinke bakin tif ɗin, abin da mai faci ba ya iya gyarawa. Saboda haka wanda zai riƙa rage iska ya sa tif mai kauri da maƙallin da ke danne taya a jikin wili, ya kuma ɗauki ƙaramin famfo domin ya mayar da iskar idan ya dawo kwalta.

Daga nan sai kayan kariya da na tafiya: farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, kariyar hannu da ke hana hannun birki da na kulochi karyewa idan an faɗi, ragar lagireto, kariya ta ɗaura kaya. Farantin da kariyar hannu ba na jayayya da su, domin fasa murfin inji a nesa da gari ya fi ƙarfin a ce tsautsayi ne ƙarami. Tankin kamfani lita 7.7 ne, kuma da yake babur ɗin yana iya wuce kilomita 30 a lita, yana kai mutum sama da kilomita 200. Babban tanki yana ƙara nisa, amma kowace lita ta fetur kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, kuma a sama take zaune. Samfurin Rally na 300, mai tankin lita 12.8 da gilashin tare iska, ya fi ɗan'uwansa da kusan kilo 11. Da kaɗan-kaɗan ake ɗora wa ƙaramin babur kaya har ya rasa sauƙin da aka saye shi dominsa.

Wanda ya kawo irin wannan babur ƙasashenmu yana da ƙarin lissafi da littafin kamfani bai yi da shi sosai ba. Iska mai zafi ba ta da kauri: a zafin digiri 40 iskar da inji ke zuƙa ta ragu da wajen kashi shida cikin ɗari idan aka kwatanta da digiri 20. Tsayi ma haka, kusan kashi ɗaya cikin ɗari a kowace mita 100, don haka a Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, injin ya riga ya yi asarar fiye da abin da salansa za ta ba shi. Injekta tana rage mai ta daidaita haɗin, wanda ya fi kafireta da sai an sauya mata jet, amma ba ta iya ƙirƙiro iskar da babu. Ita injekta ɗin kuma ba ta yafe dattin man kwalba da na jarka, famfon da ke cikin tanki yana toshewa ko ya ƙone, gyaransa kuma ba na bakin hanya ba ne.

Sai ƙura, wadda ita ce dalilin da ya sa nake adawa da fafe akwatin iska a yankinmu. Matatar iskar wannan babur takarda ce mai ɗan danshin mai, ba a wanke ta, ba a kuma hura mata iskar kwamfaresa, sauya ta ake yi. Na taɓa tsayawa a wata rumfar gyara da hunturu na ga an buɗe akwatin wani babur da aka hudawa ramuka domin ya sha iska. Makaniken ya zura yatsa cikin bututun da ke bayan matatar, wurin da ya kamata ya kasance tas, ya fito da shi da jan gari mai laushi kamar kwalli. Wannan garin da ya wuce matata yana haɗuwa da mai ya zama abin goge ƙarfe, yana cin ringi da bangon silinda da bakin bawul, kuma alamarsa ta farko ita ce wahalar tashi da safe, sannan baƙin mai ya fara raguwa ba tare da yoyo ba. Mai son matatar soso, wadda ake wankewa a shafa mata mai, zai iya sawa, da sharaɗin zai riƙa duba ta bayan kowace doguwar tafiya a burji, ya matse man ya ratsa ko'ina, ya kuma shafa giris a bakinta inda take haɗuwa da akwati domin kada ƙura ta bi ta gefe.